Gano Raunin Matsi a Ƙaramin Inji Mai Bugu Biyu a Ƙasar Gwandu da Kalgo

Idan ƙaramin janareta ya ƙi tashi, ko babur ya fara kasa hawa tudu da kaya, hukuncin da aka fi ji a bakin bakanike shi ne ring ya mutu. Sau da yawa gaskiya ya faɗa. A kwance kan silinda, a zare fistin, a sa sabon ring, inji ya tashi, mai shi ya biya ya tafi. Bayan 'yan makonni sai ga shi ya dawo da ciwon jiya. Wannan nazari yana son nuna cewa raunin matsi alama ce ta wata ɓarna da ta riga ta auku a cikin inji, kuma inji mai bugu biyu a wuri biyu yake matsa iska, sama da ƙasa. Duk wanda ya auna na sama kaɗai ya tsaya, rabin bincike ya yi.

Da farko a san injinan da ake magana a kansu, domin a Gwandu da Kalgo ba kowane ƙaramin inji ne yake cikin wannan rukuni ba. Galibin injinan ban ruwa da suka cika fadamun Kebbi, musamman tun bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, masu bugu huɗu ne. Suna da bawul da wurin zuba baƙin mai daban, kuma binciken matsinsu wani babi ne. Haka ma Bajaj Boxer da ya mamaye sana'ar kabu-kabu. Masu bugu biyu su ne ƙaramin janareta irin Tiger 950 na masu cajin waya da masu aski da masu shayi, da tsofaffin babura irin Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka ƙera a kan tsarinsa, da Vespa, da zarton inji na masu yankan itace, da injin feshi na goyo, da wasu ƙananan famfuna masu bakin inci ɗaya. Waɗannan ne injinan mai ƙaramin ƙarfi. A garuruwan da wutar kamfanin Kaduna Electric takan zo ta ɗauke, da ƙauyuka irin Dalijan da Kambaza a Gwandu, ko Diggi da Zuguru a Kalgo, tsayawar irin wannan janareta tsayawar cinikin yini ce. A watan Nuwamba 2015 hukumar Kwastam ta sanar da hana shigo da shi saboda hayaƙinsa, amma bai ɓace daga kasuwa ba, kuma tsofaffin da ke hannu gyara a kan gyara ake yi musu.

Tsarin wannan inji tsoho ne. Dugald Clerk ya yi rajistar injinsa mai bugu biyu a Birtaniya a 1881, amma nasa yana da wata silinda ta daban mai tura masa iska. Joseph Day ne, wajen 1891, ya fito da dabarar da ake amfani da ita har yau: a rufe ɗakin karanshaf ruf, a sa ƙasan fistin ya yi aikin famfo. Idan fistin ya yi sama, yana matse cakuɗen fetur da iska a ƙarƙashin fulogi, a lokaci guda kuma yana zuƙo sabon cakuɗe daga kafireta zuwa ɗakin ƙasa. Idan wuta ta kama ta koro shi ƙasa, sai ya buɗe ƙofar hayaƙi, ya kuma danne abin da ke ɗakin ƙasa har ya bi hanyoyin gefe ya hau sama. Babu bawul na sama, fistin ne ƙofa, shi ne makulli. Kowane zagaye ɗaya wuta ɗaya. Janaretan da ke ba da wuta mai zagaye 50 a daƙiƙa yana juyawa sau 3,000 a minti, wato wuta tana kamawa a kan fistinsa sau 180,000 a awa guda, alhali faɗin fistin ɗin milimita 45 ne kawai, girman injin kuma sisi 63.

Daga wannan tsari ake fahimtar matsin guda biyu. Na sama shi ne mai ƙarfi, kuma abubuwan da ke riƙe shi su ne ring, da jikin silinda, da gasket ɗin kai, da mazaunin fulogi. Na ƙasa bai kai bar ɗaya ba, amma in babu shi babu abin da zai kai mai sama. Masu riƙe shi su ne sil biyu na roba da ke gefe da gefen karanshaf, da gasket ɗin gindin silinda, da haɗin rabi biyu na ɗakin, da wuyan da kafireta ke zaune a kai, da siririn marfin da wasu injina suke da shi a mashigar cakuɗe.

Alamar raunin matsin sama da aka fi sani ita ce sauƙin igiya. Lafiyayyen inji yana turjewa a hannu, ana jin wurin da fistin ya kai ƙololuwa kamar an ci karo da wani abu. Mai rauni kuwa igiyarsa takan zo sululu, kik ɗin babur ma ya faɗi ƙasa ba gardama. Akwai dalilin da ya sa irin wannan inji yake wahalar tashi amma in ya tashi ya ci gaba da tafiya. Yoyo yana buƙatar lokaci. A jan igiya fistin yana tafiya a hankali, iska ta samu sararin zurarewa ta gefen ring, cakuɗen bai matsu ba balle ya yi zafin da zai sa fetur ya zama tururi ya kama wuta. A gudu 3,000 kuwa lokacin zurarewar ya ragu ƙwarai. Shi ya sa ake ganin babur ɗin da ba ya tashi da kik sai an tura shi a giya, da janaretan da sai an ɗiga masa fetur ta ramin fulogi. Sauran alamun su ne mutuwa idan an ɗora lodi, da ƙin sake tashi in ya yi zafi, da ƙara kamar ta ƙarfe na kaɗawa a cikin silinda.

Sai dai dukkan waɗannan alamu, ban da sauƙin igiya, akwai wasu cututtukan da ke kwaikwayonsu. Salansar da gawayi ya toshe tana kashe ƙarfin inji kamar yadda mataccen ring yake yi, domin in hayaƙi bai fita ba sabon cakuɗe ba shi da wurin shiga. Wannan ya zama ruwan dare inda ake yawaita baƙin mai. Kwayil mai rauni yakan ba da wuta da sanyi ya hana in ya ɗauki zafi. Kafireta mai datti ma haka. Don haka kafin a taɓa kan silinda ya kamata a ga wutar fulogi, a tabbatar mai yana isa, a kuma kwance salansa a gwada injin jim kaɗan ba tare da ita ba, a fili, nesa da ɗaki, saboda hayaƙin waɗannan injina yana kisa a rufaffen wuri.

Awo na gaskiya sai da geji. Toshe ramin fulogi da babban yatsa, kamar yadda aka saba a gareji, yana raba injin da ya mutu murus da wanda bai mutu ba, amma matsin da bai kai rabin abin da ake buƙata ba ma yana iya ture yatsa. Yadda ake awon shi ne a ɗumama injin in zai tashi, a cire fulogi, a kashe wuta, a ɗaura geji, a buɗe cok da totur gaba ɗaya, a ja igiya da ƙarfi har allura ta daina hawa. Ƙananan injina masu lafiya sukan nuna tsakanin psi 100 zuwa 140, wato kusan bar 7 zuwa 10, zarton inji ma yakan wuce haka. In aka sauko ƙasa da 90 tashi ya fara wuya, a wajen 70 kuwa da kyar ake samun wanda zai tashi da igiya. Waɗannan adadi jagora ne kawai, domin kowane inji da yadda aka ƙera shi. AX100, alal misali, an yi shi da matsi mai sauƙi tun daga masana'anta. Abin da ya fi amfani shi ne bakanike ya auna lafiyayyen inji irin wanda ke gabansa da gejinsa na kansa, ya riƙe wannan adadi a matsayin ma'auni.

Akwai tarko a gejin kansa wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Gejin mota yana da doguwar tiyo. Wurin da cakuɗe yake matsewa a kan fistin ɗin janareta bai fi 'yan sisi kaɗan ba, kuma in ɗan bawul ɗin gejin yana can sama kusa da agogo, cikin tiyon ya zama ƙari a kan wannan wuri. Sai allura ta nuna 60 a injin da lafiyarsa ƙalau, a kwance shi a banza. Gejin da ya dace shi ne mai bawul a bakin da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Akasin haka ma yana faruwa: gawayin da ya taru a kan fistin yana rage wurin, ya sa awo ya yi kyau a injin da ring ɗinsa ya kusa ƙarewa. Injin da ya sha fetur ya cika kuwa yakan nuna ƙasa da gaskiyarsa, saboda fetur ya wanke man da ke liƙe tsakanin ring da silinda. Wasu zartunan inji kuma suna da maɓallin rage matsi don sauƙaƙa ja, in an manta shi a danne awo ya ɓaci.

Idan awo ya fito ƙasa, sai a ɗiga baƙin mai kamar rabin ƙaramin cokali ta ramin fulogi a sake aunawa. In allura ta yi tsalle sosai, yoyon ta gefen ring ne, mai ya toshe shi na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, a duba gasket ɗin kai, da zaren ramin fulogi, ko kuma fistin ya huje. Ruwan sabulu a zagayen kan silinda yakan nuna kumfa a inda iska ke fita. Kafin a kwance komai kuma, a cire salansa a haska tocila ta ƙofar hayaƙi ana juya injin a hankali: ana ganin gefen fistin da ring ƙuru-ƙuru, a taɓa ring da tsinke a ga ko yana motsi a cikin raminsa ko ya maƙale.

A nan ne ainihin bincike yake farawa, kuma a nan ne aka fi yin gaggawa. Fistin da aka zare yana ɗauke da labarin abin da ya same shi, kuma a wannan yanki masu laifin sanannu ne.

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauke ƙura mai laushi a ko'ina, ga kuma hanyoyin ƙauye na yashi da babura ke bi, ga janareta da ake ajiyewa a ƙasa a bakin titi inda kowace mota ke bulbula masa. A lissafi, fistin mai sisi 63 a gudu 3,000 yana share fiye da lita 11,000 a awa. Ko rabin wannan ne ya shiga a matsayin iska, ba ƙaramin abu ba ne. A inji mai bugu biyu kuma iskar ba silinda take fara zuwa ba, ɗakin ƙasa take shiga, ta bi ta kan boris da karanshaf, ta haɗu da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa. Abin da ke tsakanin injin da wannan ɓarna ɗan soso ne, wanda sau da yawa za a tarar ya bushe, ko ya yage, ko an cire shi don wai injin ya samu numfashi. Shaidar ƙura ita ce gefen fistin na wajen kafireta ya siɗe ya dushe, layukan da injin ƙira ya bari a jikinsa sun goge, ring ya sirance, gefensa ya yi kaifi. In an sa ring ɗin shi kaɗai a cikin silinda a daidaita shi da kan fistin, tazarar bakinsa a fistin mai milimita 45 zuwa 50 ya kamata ta kasance wajen milimita 0.2 zuwa 0.35. In ta doshi milimita ɗaya, ya gama aiki. Wanda ya sa sabon ring a nan bai sauya soso ya shafa masa mai ba, ya sayar wa mai injin 'yan makonni ne kawai.

Na biyu mai, irinsa da yawansa. Wannan inji ba shi da tafkin baƙin mai. Abin da ke cikin fetur shi ne duk rabonsa, yana shafawa ya ƙone ya fita. Ƙa'idar janareta 950 ita ce kashi 1 na mai a kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, 80 a lita huɗu. A aikace da ido ake zubawa, kuma sau da yawa baƙin man mota ne, wani lokaci ma wanda aka juye daga wani injin. Man mota an haɗa shi da sinadarai masu barin toka, don ba a yi shi domin ƙonewa ba. Idan ya ƙone sai ya daskare a ramin ring ya manne shi, ring ya kasa buɗewa ya rungumi silinda, matsi ya zube alhali ƙarfen bai ci ba. Shaidarsa baƙin tabo da ya gangaro ƙasan ring, da ƙofar hayaƙi da ta tsuke, da fulogi mai jiƙe da baƙi. Man da ya dace shi ne na 2T mai alamar JASO FB ko FC ko FD, ko API TC. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin kwalekwale ne irin na Yawuri, wanda ruwa ke sanyaya shi, ba a yi shi don zafin injin da iska ke sanyayawa ba. Rashin mai gaba ɗaya kuwa yana barin karce a zagayen fistin duka. A AX100 akwai tankin 2T daban da ɗan famfo mai bin totur. Idan famfon ya sha iska, ko wayarsa ta saki, ko an cire shi an koma gauraya da hannu wata rana aka manta, ga sakamakon. Ingancin fetur ɗin ma yana da hannu. A Fabrairu 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Irin wannan sinadari ba ya haɗuwa da mai yadda ya kamata, yana jan ruwa, yana kuma cin roba. Fetur ɗin kwalba da ya daɗe a rana, ko aka sirka da kananzir, yana sa inji ƙwanƙwasa da zafi.

Na uku zafi, kuma shi ne ke mayar da mu ɗakin ƙasa. A Maris da Afrilu zafin Kebbi yana haura digiri 40, injin kuma da wannan iskar yake sanyaya kansa, ta cikin haƙarƙarin silinda da ƙura da mai suka liƙe. Ga lodi fiye da ƙima: janaretan da ƙarfinsa na dindindin wat 650 ne, a ɗora masa abin da ya fi haka. Amma zafin da ya fi kashe fistin daga ciki yake fitowa. Idan sil ɗin karanshaf ya bushe ya tsage, ko wuyan kafireta ya saki, ɗakin ƙasa yana zuƙar iskar da ba ta bi ta kafireta ba. Cakuɗen ya tsinke: iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Ƙarancin fetur a wannan inji yana nufin abu uku a tare, wuta mai zafi fiye da ƙa'ida, da rashin sanyin da tururin fetur yake kawowa kan fistin, da ƙarancin mai, tunda a cikin fetur yake tafe. Gefen fistin na wajen ƙofar hayaƙi, inda ya fi zafi, sai ya kumbura ya goga silinda, alminiyom ya narke ya shafe kan ring ya rufe shi. Shaidar ita ce karce a gefen hayaƙi kaɗai, ɗayan gefen lafiya, fulogi kuma fari fat.

Wannan ne, a ganina, babban giɓin da ke cikin yadda ake gyara. Geji ya nuna raunin matsin sama, ido ya ga karce, aka sa sabon fistin da ring, har da sabon bulon silinda, amma sil ɗin da ya haddasa komai yana nan a wurinsa. Kafin ɓarnar ta kai haka injin yakan yi gargaɗi: gudunsa ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, babur ya ƙi saukowa bayan an saki totur, ko ya ƙi tsayawa sai da rabin cok. A babur irin AX100 sil biyun ma alamarsu ta bambanta. Na gefen magneto iska yake ja. Na gefen kuloci man giya yake ja, sai a ga farin hayaƙi mai kauri, man giya kuma yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

Gwajin ɗakin ƙasa ba ya buƙatar kaya masu tsada. A toshe mashigar kafireta da ƙofar hayaƙi da guntun robar tayar babur da faranti, a bar fulogi a ɗaure, a hura iska ta wani ɗan bututu har rabin bar, kusan psi 7, kada a wuce don kada a ture sil ɗin. Robar hura na'urar awon jini da ƙaramin geji sun isa. In allura ta tsaya cik na minti ɗaya, ɗakin lafiya. In tana sauka, ruwan sabulu zai nuna wurin. Ya kamata a gwada da zuƙa ma, saboda leɓen sil yakan riƙe turi ya saki a ja. In kuma karanshaf yana girgiza sama da ƙasa idan an kama shi da hannu, boris ya ci, kuma sabon sil ba zai daɗe a kansa ba. Wannan darasi ne na yini guda da cibiya irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi za ta iya koya wa masu gareji da yaransu.

Batun kuɗi ya ƙara wa wannan bincike nauyi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin lita ya ninka ya sake ninkawa. Inji mai bugu biyu da ma yana zubar da wani kaso na cakuɗensa ta ƙofar hayaƙi ba tare da ya ƙone ba, saboda ƙofofin shiga da fita suna buɗe a lokaci guda. Idan matsi ya yi rauni, gwamnan janareta yana ƙara buɗe totur don ya riƙe gudunsa, shan mai ya ƙaru, wutar da ake samu ta ragu. Mai cajin waya a Kalgo da ke lallaɓa irin wannan inji yana biyan kuɗin gyaran a gidan mai kullum ba tare da an yi gyaran ba.

Hukuncin ƙarshe jikin silinda ne ke yanke shi. In ring ya maƙale ne kawai, silinda sumul, wanke ramin ring da ƙofar hayaƙi da sabon ring sun wadatar. In akwai alminiyom da ya manne a bango, sai an kankare shi tukuna. In farce yana kamawa a cikin karce, ko akwai gaɓa a saman inda ring ke tsayawa, silinda mai hannun rigar baƙin ƙarfe irin ta babur ana iya faɗaɗa ta a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, ta zarton inji kuwa, wadda aka yi wa siririn rufi a kan alminiyom, sai sauyawa. Kayan gyaran da ke isowa Birnin Kebbi da Jega daga Nnewi da Legas da Kano ingancinsu ba ɗaya ba ne, don haka sabon ring ma a auna tazarar bakinsa kafin a ɗaura. Wajen haɗawa, kibiyar da ke kan fistin ta fuskanci ƙofar hayaƙi a yawancin waɗannan injina, bakin kowane ring kuma ya zauna a kan ɗan ƙusar da ke cikin raminsa, in ba haka ba zai juya ya kama bakin ƙofa ya karye. Tankin farko a ɗan ƙara mai, a rage lodi, sannan a sake ɗaura geji a rubuta adadin a jikin injin, domin wanda zai auna shi a gaba ya san daga inda ya sauko.